Abin da Inna Ta Biya a Kumasi

Na sauka a Kumasi da akwatin ƙarfe ɗaya, a cikinsa akwai sukundireba, filaya, gwangwanin mai da 'yan riguna. Gyaran keken ɗinki na koya a Gusau, kuma wani direba ne ya ce mini a garin nan teloli sun fi masu gyara yawa. Bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa mini ba shi ne, Hausar da na taho da ita a matsayin guzuri ita ce za ta fara zama abin dariya.

Da safiyar farko a Moshi Zango na tsaya wajen wata mai koko, na gaishe ta tsaf irin ta gida, har da tambayar kwanan iyali. Ta saki ludayi, ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira.

"Zo ka ji Hausan rediyo."

Mace ta kira, amma "ka" ta ce mata. Ni kuwa haka Allah ya yi ni, in na ga abu sai na buɗe cikinsa na ga yadda yake aiki. Na ce mata, ashe a nan da mace da namiji duk "ka" ne?

Ta ce, "Kai Alata, koko ka zo sha ko makaranta ka zo buɗe?"

Alata shi ne sunan da suke kiran duk wanda ya fito daga Nijeriya. Ta zuba mini koko, ta ɗora ƙosai, ta ƙi karɓar kuɗina. Ita ce ta nuna mini shagon Baba Salifu, wani tsohon tela Bamoshe da ya saba saukar baƙi. Ya dubi akwatina, ya turo mini wani keke da ya daɗe yana tsinka masa zare. Na kwance shi, na wanke, na daidaita ƙoshiya. Da ya taka ya ji muryar keken ta sauya, sai ya nuna mini tabarma a bayan shagon, ya ce nan ne ɗakina har in yi ƙarfi. Kafin wata ya ƙare ya raɗa mini suna Mai Tambaya, domin na dame shi. Me ya sa ake daka doya a turmi mutum biyu, ɗaya na juya ta da hannu, ba a taɓa dake masa yatsa ba? Me ya sa ake sa ja da baƙi a wajen makoki a cikin gari? Me ya sa ruwan sama a nan ba ya jiran damina? Wasu ya amsa, wasu ya ce in je in tambayi wanda ya yi garin.

Duk wannan tambaye-tambaye rufin asiri ne. Gaskiyar magana kewar gida ta kusa kashe ni a shekarar farko. Garin kore shar, abinci ga shi nan, mutane ba su da rowa, amma sai in zauna ina cin shinkafa da wake in tuna furar mahaifiyata, in ture kwanon gefe. Ban gaya wa kowa ba, sai dai in ƙara ƙaimi wajen aiki.

Aikin ne ya kai ni unguwar Akwatialine. An ce akwai wata dattijuwa mai ɗinka kayan jarirai da keken hannu, keken ya cije. Na shiga wani gidan haya mai ɗakuna a jere, na yi sallama, sai na ji an amsa daga ciki:

"Wa alaikumus salam. Wane na? Shigo mana, ɗana."

Na tsaya cak a bakin ƙofa. Muryar gida ce sak. Hajiya Hajara ce, 'yar Birnin Konni, wadda kowa a gidan ke kira Inna. Tun tana amarya aka kawo ta Kumasi, mijin ya rasu, ita ta zauna, amma harshenta bai bar Konni ba. Na gyara keken cikin ɗan lokaci, ta ba ni tuwon dawa da miyar kuka. 'Yarta Ramatu ce ta kawo ruwan wanke hannu.

Daga ranar keken Inna ya zama marar lafiya. Duk mako sai in leƙo in ce na ji a jikina bel ɗin ya saki, ko ƙoshiya na son mai. In kwance abin da lafiyarsa lau, in mayar, in ci tuwo. Inna tana kallona kawai, sai ran nan ta ce, "Mai Keke, keken ga ya gaji da magani. In wani abu kake so, turo manyanka." Baba Salifu ne ya zama babbana. Aka ɗaura mana aure da Ramatu, na kama ɗaki a gidan, kusa da na Inna.

Ban taɓa ganin uwa da 'ya irin su ba. Ramatu ba ta sa gishiri a miya sai Inna ta ɗanɗana. Da muka sami 'yar fari aka sa mata sunan Inna, shi ya sa ba mai kiran sunan, Ummi muke ce mata. A bayan Inna ta girma, a ɗakin Inna take kwana. Daga baya aka haifi Bashiru, sannan Auta.

Akwai wata mata da ke zuwa gidan duk shekara idan sabuwar doya ta fito. Doguwa ce siririya, Badagomba daga wani ƙauye a wajen Yendi, ana ce mata Mma Azara. Takan zo da doya, da man kaɗe a ƙwarya, da daddawa. Ta yi 'yan kwanaki a ɗakin Inna ta koma. Hausarta ta kasuwa ce, kowa "ka" ne a bakinta. Na lura da abubuwa game da ita, don lura ita ce sana'ata. Ramatu takan durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye mata ruwa, ta fita da sauri. Ita kuma ba ta taɓa kiran sunan Ramatu ba, sai dai ta ce "mai ɗakin can". Amma yaran, sai ta zaunar da su ta yi ta kallo, ta kama tafin ƙafar Auta tana juyawa kamar mai zaɓen doya. Na tambayi Ramatu wace ce, ta ce baƙuwar Inna ce. Na tambayi Inna, ta ce mutuniyar arziki ce. Na ɗauka tsohuwar abokiyar ciniki ce, na bar maganar.

Shekaru suka tafi, har lokacin da aka ce kowa ya je ya yi katin shaida. Ramatu ta shiga layi da yara. Da aka zo kanta aka tambaye ta inda aka haifi ubanta, ta ce Konni. Uwarta fa? Ta ce Konni. Mijinta? Gusau. Aka nuna mata wani layin, na baƙi. Ta dawo gida tana dariyar takaici, ta ce wai yau ita ce baƙuwa a Kumasi, ita da ko hanyar Konni ba ta sani ba. Abin ya ɗaure mini kai. A tunanina, inda aka binne cibiyar mutum nan ne garinsu. Ashe a dokar ƙasar nan haihuwa a cikinta ba ta isa ba, jini ake bi. Katin baƙi kuwa ba kyauta ba ne, da dala ake lissafa shi, kowane kai da kuɗinsa, kuma duk shekara sai an sabunta. Muka riƙa biya muna ƙorafi, kamar yadda ake biyan kuɗin wuta.

A unguwar Bantama ne maganar ta tashi daga ƙorafi ta zama ciwo. Inna ta yi wata jinya a babban asibitin da ke wajen, Ummi ce ta zauna da ita. Yarinyar nan ta dawo gida da magana ɗaya a baki, ita nas za ta zama. Ta riƙe abin da gaske. Ta ci jarrabawar gama sakandare da kyau, har malaminta ya tako gida ya yi mana murna. Da muka je neman makarantar koyon jinya sai aka ce kuɗin 'yan ƙasa daban, na baƙi daban. Da aka faɗa mini na baƙi, na nemi a sake faɗa, don na zaci kunnena ne. Ko na sayar da duk kekunan Zango ba zan iya ba.

Hanya ɗaya ta rage, Ummi ta zama 'yar ƙasa. Na shiga tambaya, wannan karon ba don jin daɗi ba. Abin da na tattaro shi ne, sai ni uba na fara nema, da kuɗina, sannan a nema wa yara, kowane yaro da nasa kuɗin. Abin da aka ce za a biya a kan yaro ɗaya ya fi hayar ɗakinmu ta shekara. Kuma ƙofar yara tana rufewa ranar da mutum ya cika shekara sha takwas, Ummi kuwa ta riga ta shiga ta sha bakwai. Na yi ta juya abin a raina. Ni da na zo da ƙafata, in an ce in biya, na gane. Amma yaron da bai taɓa ganin wata ƙasa ba, wanda da Turancinsa da Tuwinsa, wato yaren mutanen gari, duk na nan ne, me yake saya? Ban sami mai amsa mini ba. Na dubi Bashiru da Auta suna cin abinci a kwano ɗaya da yayarsu, na san ita kaɗai zan iya yi wa, kuma abin ya yi mini zafi ƙwarai.

Na shiga adashi, wanda a nan suke kira susu. Na sayar da keken da na fi ji da shi, mai yin aiki a wuyan riga. Ramatu ta sayar da atamfofin aurenta da ba ta taɓa ɗinkawa ba. Ana cikin haka aka haɗa ni da wani mutum da ake kira Honorabul, ko da yake ba wanda ya taɓa zaɓensa a komai. Kullum cikin kwat yake, da jaka a hammata. Ya ce shi da manyan Ankara, wato babban birnin ƙasar, kwano ɗaya suke ci.

"Alata, kar ka damu koraa, ko kaɗan. Ka kawo rabi, ni zan yi magana. Yarinyan zai samu kafin Sallah."

Ni Mai Tambaya, wanda ba ya sayen allura sai ya duba hancinta, ban tambayi mutumin nan ko ina ne gidansa ba. Gaggawa ce ta rufe mini ido. Na ba shi abin da muka tara. Sallah ta zo ta wuce, wayarsa a kashe. Na bi sawunsa har wani shagon aski da yake yawan zama, mai askin ya dube ni da tausayi, ya ce ni ne na wajen nawa da suka zo nemansa a watan nan. Ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ya rage mini gashi kyauta. Na dawo gida da sabon aski da aljihu wayam.

Bayan wannan na ce ba sauran ɗan tsakiya, da ƙafata zan je. Na tafi ofishin da ke kula da zama ɗan ƙasa da kaina, na zauna a benci tun hantsi. Da aka zo kaina na sami wata ma'aikaciya 'yar Asante, mai farin gashi a gaban goshi, tana cin gasasshiyar ayaba da gyaɗa a ƙarƙashin tebur. Na ce mata ba kuɗi na kawo ba, tambaya na kawo. Ta yi dariya, ta ce ai tambaya ba a biya mata. Da Turancina na kasuwa da Hausarta ta maƙwabta muka fahimci juna. Na tambaye ta ko ana ragi, ta ce babu. Ko ana biya kaɗan-kaɗan, ta ce babu. Na ce to wai shi jinin da ake bi, har ina yake tsayawa? Ta ajiye ayabar.

"Uba, ko uwa, ko kaka. Ko kaka ɗaya ne ɗan ƙasa, yaran 'yan ƙasa ne tun ran haihuwa. Ba abin saya. Ka lissafa mini kakanninsu."

Na lissafa mata da yatsu: Gusau, Gusau, Konni, Konni. Ta girgiza kai, ta ce ta yi mini baƙin ciki. Ta tura mini sauran gyaɗar, na karɓa don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Daga nan ban iya zuwa gida ba, sai na zarce Moshi Zango, shagon Baba Salifu. Ya tsufa sosai a lokacin, amma yana nan yana taka keke, dattawan unguwa na zaune a benci ana shan shayi. Na zube musu labari duka. Na ce ku ji wani abin haushi, wai kaka ɗaya tak, ko ta wajen uwa ce, da duk wahalar nan ba ta taso ba.

Keken Baba Salifu ya tsaya. Dattawan suka kau da kai. Wannan ya duƙa yana hura shayin da ya riga ya huce, wancan ya tashi wai zai yi alwala alhali da sauran lokaci. Na san shirun keke mai lafiya, na san na wanda wani abu ya maƙale a ciki. Wannan na biyun ne.

Bayan la'asar Baba Salifu ya riƙe hannuna, muka koma bayan shago, inda tabarmata take a da.

"Mai Tambaya, da gaske ba ka sani ba?"

"Me zan sani, Baba?"

"Mma Azara. Mai kawo doya. Shi ya haifi matanka."

Ya ba ni labarin a hankali. Inna tana da ƙane, mai fataucin shanu, ya auri Azara a can wajen Yendi. Ramatu ce 'yarsu ta fari. Inna kuwa ta shekara da shekaru a gidan miji Allah bai ba ta haihuwa ba. Da aka yaye yarinyar sai ƙanen ya ɗauko ta ya kawo wa yayarsa riƙo, kamar yadda ake yi a wajenmu, kuma su ma Dagomba sun san ba gwaggo 'ya. Ƙanen bai daɗe ba ya rasu. Azara ta yi wani aure a garinsu, amma ba ta taɓa fasa zuwa ba.

Na ce, "Baba, shekara nawa ina zaune da ku, ba wanda ya faɗa mini?"

Ya ce, "Kowa ya sani, shi ya sa ba a faɗi. Ranan da aka sa yaro a hannun Hajiya, magana ya ƙare. Wanda ya ce ba shi ya haifa ba, ya zage shi."

Ai mu ma a Gusau haka ne, na san gidaje da yawa da ake riƙo ba a ambata. Ban dai taɓa kawowa a raina cewa a cikin irin gidan nake kwana ba. Na tuna kallon da take yi wa ƙafar Auta, na tuna yadda ba ta kiran sunan Ramatu, ashe kunyar 'yar fari ce. Komai yana gabana, ni da nake taƙamar lura.

Na tafi gida da sauri, zuciyata fari tas, ina ganin matsala ta ƙare. Na sami Ramatu tana tsince shinkafa a ɗaki, na sakaya ƙofa, na faɗa mata abin da ma'aikaciyar ta ce da abin da Baba Salifu ya ce. Ba ta ɗago ba.

"Malam, na sani tun ina ƙarama. Wata yarinya ce ta gaya mini a bakin famfo, muna faɗa. Na zo da kuka na tambayi Inna. Ba ta dake ni ba, sai ta kwanta ta juya wa bango fuska. Har aka kira mai magani. Tun ranar na yi wa kaina alkawari, bakina ba zai sake faɗar maganar nan ba."

"Ko da aka tambaye ki a layi?"

"An ce wace ce uwata. Na faɗi uwata."

"To Ummi fa?"

Hannunta ya tsaya a cikin tiren. Hawaye suka ɗiga a kan shinkafar. Ta ce, "Ummi ta koyi ɗinki. Ka rufa mini asiri kada ka je wa Inna da wannan."

Na yi mata alkawari, na kuma cika. Amma raina ya ɓaci, ba da ita ba, ba da Inna ba, ban ma san da wa ba. Ga ƙofa a buɗe, kyauta, ga 'yata tsaye a bakinta, kuma ba mai iya cewa ta shiga. Ramatu ta gaya wa Ummi maganar makaranta ta mutu, kuɗi sun gagara. Yarinyar ba ta yi gardama ba. Ta tattara littattafanta ta sa a kwali ta tura ƙarƙashin gado. Washegari na gan ta zaune gaban keken Inna tana koyon sa zare, idonta jawur.

Ba a yi mako ba Inna ta aiko Auta ya kira ni, wai keke ya lalace. Na ɗauki akwatina na shiga. Ita kaɗai ce a ɗakin. Na juya hannun keken, na saurara, na duba ƙoshiya, na duba allura. Lafiyarsa lau.

"Inna, ban ga abin da ya same shi ba."

"Na sani. Kai ma ka sha yi mini haka. Zamna."

Na zauna a ƙasa, kaina a sunkuye.

"Takwarata ta aje littattafai. Ramatu na kuka a makewayi tana zaton ba a ji. Jiya matar Salifu ta zo gaishe ni, tana magana tana kallon rufi. Mi suka ce maka a ofis? Kada ka rage mini komi."

Na yi wa Ramatu alkawarin ba zan kai maganar ba, ban yi mata alkawarin zan yi wa Inna ƙarya ba. Na faɗa mata duka. Ta saurara tana shafa wata 'yar rigar jariri da ke cinyarta, tana miƙar da bakin da ya naɗe.

"In Azara ta zo ta hwaɗi, bai isa ba?"

"Sun ce tunda an riga an rubuta cewa ku ne uwar, sai ku ma kun je kun yi rantsuwa cewa riƙo ne."

"Da bakina."

"Da bakinku, Inna."

"Gaban mutane."

Na gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallon rigar. Sannan ta ɗaga gefen katifa ta ciro ƙullin kuɗin cinikinta, ta ajiye a gabana.

"A aika ma Azara kuɗin mota. Kada ka gaya ma Ramatu sai ta iso."

Mma Azara ta iso ba lokacin doya ba, hannu wofi, abin da bai taɓa faruwa ba. Da Ramatu ta gan ta a tsakar gida sai ta gane. Ta shiga ɗakin Inna ta faɗi a gabanta tana roƙo. Ina jin muryar Inna daga waje, ba ta ɗaga ta ba: "Tashi ki ɗora ruwa, baƙuwa ta sha hanya."

Wajen rantsuwar a saman bene yake. Muka hau a hankali saboda gwiwar Inna. Ɗakin cike da mutane masu jiran nasu, ba wani sirri. Mai karɓar rantsuwa ya sa aka kawo Alƙur'ani, aka samo wani mai fassara. Aka fara da Mma Azara. Aka tambaye ta garinsu da na iyayenta, ta faɗa, ta nuna katinta. Aka ce ta faɗi sunan 'yar da ta haifa. Ta buɗe baki ta rufe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Shekara arba'in ba ta kira sunan ba, ba ta iya farawa a gaban baƙi ba. Mai karɓar rantsuwar ya fara ƙosawa, yana buga biro a tebur.

Inna ce ta yi magana, ba a ma zo kanta ba. Ta ɗora hannu a kan Alƙur'ani, ta miƙe zaune.

"Sunanta Ramatu. Wagga ta haife ta. Ni ban taɓa haihuwa ba, riƙo aka ba ni."

Mai fassara ya juya maganar da ƙarfi, yadda duk ɗakin ya ji. Aka rubuta. Aka kama babban yatsan Inna aka dangwala a tawada, aka danna a takarda. Abin da muka biya a wajen bai kai kuɗin gyaran keke biyu ba. Ramatu tana tsaye a jikin bango, ta toshe baki da gefen mayafi.

Sauran aikin ya ɗauki watanni da zirga-zirga, amma ya yiwu. Ramatu da yaran uku duk suka sami katin 'yan ƙasa, ni kaɗai na rage Alata a gidan. Ummi tana makarantar jinya yanzu, idan ta zo hutu ita ke auna jinin Inna, tana yi mata faɗa a kan gishiri.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne saukowarmu daga benen nan. Inna ce ta fara fita, ba ta jira kowa ba. Ta kama ƙarfen matakala da hannun da ke da tawada, ta fara sauka ita kaɗai, bayanta a miƙe. Ramatu ta tsaya a saman matakalar tsakanin mata biyu, ta rasa wadda za ta bi. Mma Azara tana gefenta, ga takarda ta riga ta ce ita ce uwa. A karo na farko na ga ta dubi Ramatu ido cikin ido. Sai ta ɗan tura ta da gwiwar hannu, ta nuna Inna da haɓa.

"Je ka kama uwanka. Zai faɗi."

Ramatu ta sauka da gudu ta riƙo hannun Inna. Inna ba ta juyo ba, amma ba ta ƙwace ba. Mma Azara ta gyara mayafinta, ta biyo su a baya, tana barin matakala biyu tsakaninta da su. Ni na zo ƙarshe da takardu a hannu. Ina da tambayoyi cike da baki, amma har muka iso Akwatialine ban yi ko ɗaya ba.